Kaka Dauda da fom mai gurbi goma sha ɗaya

Ku da kuka san Kaka Dauda a Ruwan Godiya kun san ba ya matsawa daga gaban mai tireda sai ya rubuta abin da ya kashe. Ko ashana ya saya, zai zaro ɗan littafi daga aljihun gaba, ya ciro biro daga gefen hula, mutane na bayansa suna tsaki, shi ko a jikinsa. In an yi magana ya ce, "Kuɗin da ba a rubuta ba, aljihu ne ya ci su."

Da idanunsa suka fara yana, sai rubutun ya riƙa hawa kan juna. Babana ya ce zai dinga rubuta masa. Tabɗi! Ranar gidan ya ɗauki zafi.

"Ranar da wani ya riƙe mani biro, ku haɗo da likkafani," in ji Kaka.

Abin da yake tsoro ke nan, a wayi gari sai ya roƙi wani kafin ya san abin da ke aljihunsa. Ni kuwa Rabi, jikarsa da yake kira Amarya, na karanta kwamfuta, ina aiki a Kankara, ga ji da kai. Na bugi ƙirji na ce zan haɗa masa manhajar lissafi a waya, da manyan baƙaƙe, ya riƙa shigarwa da kansa. Da na san abin da na jawo wa kaina!

Fom na farko gurbi goma sha ɗaya na yi masa: kwanan wata, rukuni, wanda aka biya, hanyar biya, da sauran tarkace. Ya kai wayar dab da hanci, ya daɗe yana dubawa.

"Amarya, goron hamsin hwa na saya. Wanga ai takardar neman aikin gwamnati ce."

Na rage gurabe, na sa wayar ta riƙa saka kwanan wata da kanta. Na dawo ina taƙama. Kwana uku ba a yi ba ya aiko a kira ni, wai wayar ta yi masa jan ido. Ashe mai gyaran garma ya biya da dawa, gurbin kuɗi kuwa ya ce sai dai naira.

"Tiya uku na ba shi. Ita wayar taki ba ta san tuwo ba ne?"

Na koma na ƙara zaɓin tiya da buhu. Sai kuma ga maganar caji. Abu na farko da ya sa na shigar masa a sabon fom ɗin shi ne kuɗin da ya ba mai caji. Ya ce in karanto masa da ƙarfi, sannan ya girgiza kai: "Kin gani? Tun ban fara lissafi ba na fara asara."

Amma babban laifina shi ne tambayar da na saka kafin a ajiye, wato "Ka tabbata?" Sati biyu ya yi bai taɓa wayar ba. Da na je biko na iske shi a zaure ya haɗe rai.

"Kakarki shekara hamsin muka yi, ba ta taɓa tambaya ta ko na tabbata ba. Sai wannan 'yar kwalin?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba tsohon nan! Ni na gaji, ka sake ni in huta."

"Ai saki sai an rubuta, Amarya," ya ce, "ni kuma ba na gani."

Dariya ta kuɓuce mini, amma a mota ina komawa Kankara sai da na yi hawaye. Na zauna na rushe komai. Na bar gurbi uku kacal: mene ne, nawa ne, shiga ko fita. Kowane maɓalli ya kusa cika fuskar wayar, kore na shiga, ja na fita. Na sa hoton goro da taki da sabulu, ya danna kawai, wayar ta faɗa masa abin da ya danna. Na kai masa. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba, ya jefa ta aljihu ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajenmu. Na tafi ina cewa shi ke nan, na sha kaye.

Ranar Laraba ina ofis sai ga kiransa. Na jira ya katse, don Kaka filashin kawai yake yi, bai taɓa kashe ko kwabo a kan kira ba. Wayar ta ci gaba da ƙara. Na ce ko lafiya, na ɗauka.

"Amarya, na sayi man ƙafa. Na shigar. Ni kaɗai, ba kowa kusa." Ban kai ga yi masa barka ba ya ce, "To kashe mana, kuɗi na tahiya!"

Wata huɗu ya ƙara a duniya, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai nemi kowa ya shigar masa da ko sisi ba.

Allah Ya jiƙan Kaka Dauda, Ya haskaka kabarinsa, Ya sauƙaƙa masa hisabi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.