Goron da Dada Ulumma Ta Ajiye a Kan Kujerar Mijinta

Kafin masu Keke mai ƙafa uku su cika titi, Dada Ulumma Nwagbara ta riga ta ɗage ƙofar shagonta a layin masu takalma na kasuwar Ariaria da ke garin Aba. Takan share gaban shagonta, ta haɗa da na maƙwabcinta don ta san rago ne, sannan ta kwance ƙullin okpa, alalen gurjiya, tana ci tana duba aikin jiya. Ba da ido kaɗai take duba takalmi ba. Sai ta lanƙwasa shi biyu, ta shanshana gam ɗin, ta bi ɗinkin da farce. In ta ajiye shiru, mai aikin ya tsira. In ta ɗaga kai kuwa, layi duka yakan kasa kunne.

"Wa ya haɗa wannan? Na zuwa coci ne ko na dawowa? Don wallahi ba zai yi duka biyun ba."

Shekara talatin da ɗaya muna jin wannan muryar. A watan jiya ta ajiye almakashi, gwiwa da ido sun ce ya isa haka. Ba ta da sarauta, ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, amma duk wanda ya san Aba ya san ƙafafu nawa ne ke yawo cikin aikinta.

Shagon asali na mijinta ne, Ekeoma. Ya rasu farat ɗaya da damina, ya bar mata keken ɗinki huɗu da yara masu koyon sana'a uku. Babbansu Maduka ya yi shekara shida cikin bakwai ɗin da aka yanka masa. Babu takarda, kamar yadda aka saba. Ubansa ya kawo shi daga ƙauye, aka fasa goro, Ekeoma ya ce in wa'adi ya cika zai sallame shi da keke da fata da wurin zama. Yanzu mai alkawarin yana ƙasa, kowa kuma ya san yadda irin wannan ke ƙarewa: yaro ya ɗauki jakarsa ya koma gida hannu biyu, ƙuruciyarsa ta tafi a banza.

Bayan an gama zaman makoki, Okezie, wan marigayin kuma babban gidan, ya kira ta.

"Matarmu, a sayar da kekunan nan ki rungumi 'ya'yanki. Yaran shago kowa ya kama gabansa. Wanda ya yi musu alkawari ya tafi da bakinsa."

"Dede, babban yaya, ranar da aka kawo Maduka, wa ya wanke goron ya sa a faranti?"

"Ke ce mana."

"Da aka fasa, an miƙo mini ɓari ko ba a miƙo ba?"

"An miƙa miki."

"To na tauna na haɗiye. Alkawarin yana cikina, ba a binne shi da ƙaninka ba."

Okezie ya yi tsaki ya ce ta je ta gwada, amma kada ta nemi ƙafarsa a shagon.

Ke ce, Dada, kika koma kika zauna gefen yaron da ya kamata ya riƙa gaishe ki, kika ce ya koya miki yankan fata. Mun ga yatsunki duk tabon wuƙa. Mun ji masu cewa mace da warin gam ba ta kai Kirsimeti. Da shekarar ta zagayo, ke ce kika buɗe akwatin zannuwanki na aure, waɗanda mace ba ta rabuwa da su sai dole, kika sayar da su ɗaya bayan ɗaya har suka zama sabon keke da fatu da ɗan shago a ƙarshen layi.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Sallama ba ta cika sai an ɗaga goro an sa wa yaro albarka daga gidan ubangidansa, in ba haka ba har ya tsufa ana cewa gudowa ya yi. Mace kuwa ba ta fasa goro a gaban maza. Okezie kaɗai ke da wannan hurumin, shi kuma ya rantse ba zai zo ba.

Ba ta roƙe shi ba, ba ta kuma karya al'ada ba. Ta gayyato layi kaf, ta dafa shinkafa, ta sa aka jera bammi. Da mutane suka hallara, sai ta ɗauko kujerar aikin mijinta ta ajiye a tsakiya, ta ɗora farantin goro a kai, ta koma ta zauna ta harɗe hannu. Ba mai taɓa abinci kafin goro. Rana ta take, shinkafa ta huce, uban Maduka yana ta juya hularsa a gwiwa, shi kuma Maduka ya kafa wa ƙasa ido. Wani dattijo ya ce a bar shi ya fasa a wuce wurin, ta ce ta gode, amma goron gidan Nwagbara ne. Sai ta aika a faɗa wa Okezie magana ɗaya: goron gidanku yana zaune a gaban Ariaria, an rasa namijin da zai ɗauka.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga shi yana haki, rigarsa a karkace.

"Matarmu, kin kashe ni da raina."

"Sannu da hanya, mijina. Wanke hannu, mutane na jin yunwa."

Ya fasa, goron ya ba da ɓari huɗu cif, alamar albarka a wurinmu, wurin ya ɗauki guɗa. Maduka ya durƙusa, ƙaton saurayi yana kuka ba kunya.

Daga Maduka zuwa bana ta sallami mutum arba'in da uku, maza da mata, ba wanda ya ƙara kwana ɗaya a kan wa'adinsa, ba kuma wanda aka laƙa wa sata ana gobe sallama. Yawancinsu a layinta ta zaunar da su, takan kuma tura musu masu sayenta. In aka ce tana kashe kasuwarta da hannunta, sai ta ce, "Mai saye daga Kamaru ba shago yake nema ba, layi yake nema. Ku bar ni in cika layin."

Ranar da aka yi mata walimar ajiye aiki, farantin goro ya zagaya yadda ya saba, ƙarami yana miƙa wa na gaba da shi. Sai dai a ranar kowa wanda ya koya masa aiki ya miƙa wa. Daga yaran yaran Maduka ya hau zuwa Maduka, wanda furfura ta fara cin kansa, shi kuma ya ajiye shi a gabanta. Okezie, yanzu da sanda da ido ɗaya, ya miƙe da ƙyar.

"Ni zan fasa, don haka muka tarar. Amma addu'ar tata ce. Sau arba'in da uku ina sa albarka a kan aikin da na ce a sayar. Yau kam bakina bai isa ba."

Ta ɗora tafinta a kan goron ta yi addu'ar, gajeriya, kamar yadda take magana.

Mun gode, Dada Ulumma, mai riƙon amanar matattu, uwar layi. Muna ƙaunarki, ba ma jin nauyin faɗa. Ku kuma iyayen gida da ke da yara a shago, ku duba wa'adin kowanensu tun yau. Matar nan ɓari ɗaya ta ci na goron da ba ita ta fasa ba, ta kuwa cika alkawarin har ƙarshe. Ku da hannunku kuka fasa naku.