Ɗakin da Surukina Ya Gina Mini

Ku matso, ku da kuke da 'ya'ya a nesa, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce. A tsakar gidana ta faru, nan Gure.

Autana ya yi shekara huɗu a Libiya yana aikin ƙarfi. Wata rana ya kira ni ta salula ya ce, "Inna, kin gama kwana a ɗakin ƙasa. Bana sai siminti da rufin kwano na tol. A nemo magini na amana."

Ba mu nema ba. Abin da ya ci mu ke nan. Mijin ɗiyata ta fari ya taɓa bin masu gini a Damagaram, ya dawo da cokalin gini da igiyar awo. Dangi suka ce, ga na gida a kai aiki waje, me duniya za ta ce? Ban tambayi ko ɗaki ɗaya da ya taɓa ginawa ba, balle in je in ga yadda damina ta bar shi. Wa ke tuhumar surukinta? Tun da aka ɗaura auren ban haɗa ido da shi ba, ban kama sunansa ba. In ya zo, a zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ni kuma in amsa ta bayan zana.

Aka rushe tsohon ɗakina, wanda marigayi mai gidana ya gina, don a nan za a ɗora sabon.

Ta bayan zanan nan na ga komai. Ban yi karatun lakwal ba, amma shekara arba'in ina yaɓe bango da hannuna, na san ƙasa. Yashin da ya kawo na tudu ne, mai laushi, wanda iska ke tarawa, ba mai tsakuwa ba. Ruwan kuma na rijiyar kwari ne, mai kanwa, don ta fi kusa. Tubalin da aka buga ran Asabar, ran Litinin yana kan gini, ko shayar da shi ba a yi ba.

Maƙwabciyata, tsohuwa irina, ta ɗauki guda ta murza gefensa da yatsa, ya zube.

"Ke, wannan tubali ne ko dakuwa?"

"Rage murya, yana ji."

"Ya ji mana! Ni ba ɗiyata yake aure ba."

"To ki faɗa masa."

"Ɗakina ne? Ko bakinki ciwo yake?"

Na kira ɗiyata. Ita ma ta fari ce, maganarmu ba ta tsawo. Na ce, "Ki gaya wa mai gidanki yashin nan bai yi mini ba."

Ta sunkuyar da kai. "Inna, so kike ya ce mun raina sana'arsa?"

Kafin saƙon ya isa kunnensa ya zama gaisuwa. Washegari ya durƙusa a zaure yana godiya, wai na yaba aiki. Na ce, "Sannu da ƙoƙari." Da bakina na faɗa.

Auta ya kira. "Inna, yaya gini?"

Na san zuciyarsa. In na faɗa, zai kira mijin yayarsa ya zage shi, ita kuma ta dawo mini da 'ya'ya biyar. Na ce, "Yana tafiya."

Aka shafe bango, aka yi fenti shuɗi, aka aika wa auta hoto. Na shigar da gadona da kwanonina. Mata suka zo barka, suna shafa bangon suna cewa na haifa.

Ruwa na uku na damina, bangon gabas ya tsage, tsagar da hannu ke shiga. Na cusa tsumma. Kwana tara bayan haka, da la'asar, ina gidan suna, aka zo aka ce in taso. Na tarar bangon ya kwanta kan gadona, tol ya rufta a kai. Gumin ɗana na shekara huɗu.

Suruki ya zo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. "Inna, ruwan bana ne. Ikon Allah."

Na ce, "Ikon Allah."

Auta ya zo bayan girbi. Ya ɗauki tubali ɗaya ya matse, ya dube ni ya ce, "Kin gani tun farko?" Na ce na gani. Ya koma Libiya, yana aiko mini da na abinci, sai dai kira daga Salla sai Salla, kuma ba ya gaida yayarsa.

Surukina yana Gidigir yana gina wa wani shago. An ce sun yarda da shi ne don har surukarsa ta ba shi aiki. Ɗiyata tana ɗakinta, aurenta lafiya. Tana aiko mini da tuwo, amma ba ta shigowa. Maƙwabciyata ta ba ni wurin kwana har damina ta wuce, bara Allah ya yi mata rasuwa.

Ni kuwa ina cikin bukkar kara, gefen tarin tubalin da ya rushe. Kullum in na fito alwala sai na kewaya shi.