Halliru Ashafa, Mai Wanke Mana Ragar Esi

Ranar Laraba, sha takwas ga watan Maris na 2020, aka kulle Malaysia. Masallacin jami'a ya rufe, gidan abincin mamak na bakin titi ya kife kujerunsa, jirgin ƙasa ya riƙa wucewa ta tashar Taman Melati babu kowa a ciki. Mu 'yan Arewa da ke dogon benen nan, gida ashirin da 'yan kai, kowa ya ja ƙofarsa, ya kunna esi, ya zauna jiran abin da bai san kamanninsa ba.

Mutum ɗaya ne bai sauya al'adarsa ba. Malam Halliru Ashafa kan idar da sallar asuba, ya yi karatunsa, ya karya, sannan ya ɗauki shuɗin bokiti da tsohon buroshin haƙori da ɗan tsani mai taka uku, ya fara daga hawa na sama yana gangarowa. Shekara goma sha huɗu ya yi yana gyaran firij da esi a wani asibiti a Gusau kafin ya rako matarsa, Malama Bilqis, da ta zo digiri na uku. Bizar ɗan rakiya gare shi, ba a yarda ya yi aiki ba, shi ya sa bai taɓa kiran abin da yake yi aiki ba. “Zumunci na fito,” haka yake cewa. Mu kuwa masu neman digiri, da muka fi ƙwarewa wajen raɗa wa mutum suna a kan ɗaura ƙwan lantarki, “mijin Dakta” muke ce masa a bayan idonsa.

Makon jiya ya koma gida. Na rubuta wannan ne don a san abin da ya yi mana, don kuma akwai wani zargi da ya yi wata tara yana ɗauke da shi, daga bakina kuma ya fito.

Aikin nasa ba shi da wani kwarjini. Zai ɗaga murfin esi, ya zaro ragar roba da ke tace iska, wadda 'yan boko ke kira filta, ya ɗaga ta saitin taga. In ya hango haske ta cikinta, ya mayar. In bai hango ba, sai banɗaki: sabulu kaɗan, buroshi a hankali, a shanya a inuwa don rana tana lanƙwasa ta, ba a kuma mayar da ita da lema. In ta yage, ko ta fara ɓarɓashi a hannu, ya ce wannan ta gama nata, a nemo sabuwa. Shi ke nan ilimin.

Amma a watannin farko na kulle babu wanda ya san yadda zai yi da esinsa. Da safe a turo saƙon murya a guruf ɗinmu na waya cewa esi ne ke raba korona ɗaki-ɗaki. Da azahar wani ya ce zafi ke kashe ta, a kashe esi a yi gumi. Kafin la'asar wani ya kawo labarin wani likita da ba shi da suna, cewa sanyi ne ke daskarar da ita. Malam Datti na hawa tara, mai nazarin tattalin arziki, ya naɗe nasa da leda ya ɗaure, ya yi kwana uku a cikin zafi har ƙuraje suka feso masa a wuya. Duk wanda ya tambayi Halliru, amsa ɗaya yake samu: “Wallahi ni ban san korona ba. Ƙura na sani.” A shekarar da kowa ya zama likita, shi kaɗai na ji ya ce bai sani ba.

Ni ma na yi nawa binciken, don matata marigayiya, Saudatu, tana da asma, ni kuma tun ina yaro na fi yarda da abin da aka buga a takarda. Na karanta shafuka sun fi goma, duk bakinsu ɗaya. Da ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, sai na tare shi da sakamakon.

“Malam Halliru, ka huta. Masana sun ce duk wata uku ake canjawa, sai kuma in hunturu ya gabato.”

“To, Malam,” in ji shi ta cikin takunkumi, “hunturu nawa ka yi a Kuala Lumpur?”

“Ƙa'ida ce ta duniya baki ɗaya.”

“Na ji. Shi wanda ya rubuta ƙa'idar, matarsa tana yin turaren wuta?”

Daga kicin Saudatu ta yi dariya har ta ƙware. “Ka bar bawan Allah ya shigo, Malam. Kai da takardun naka babu mai tari a cikinku.”

Ragar da ya zaro ba ƙura ce kawai a jikinta ba. Baƙa ce ƙirin, da danƙo kamar gindin tukunya, tana ƙamshin kajiji da sandal. Nan ya yi mini darasin da ba ya cikin shafukan. Matanmu kowace da kwalabenta na turaren wuta ta taho daga gida. A Kano hayaƙin kan bi tsakar gida ya wuce. A nan ƙofa a rufe, taga a rufe, esi ne ke shaƙa ya furzar, ya sake shaƙa. A ƙara da suyar manja, da mutanen gida da ke zaune a ɗaki daga safe har wata safiyar. “Gidan da ba a turare, wata ɗaya,” ya ce. “Gidan da ake yi, sati biyu. Gidan mai asma kuwa, ina nan tafe duk Juma'a ta biyu, ko Malam ya so ko bai so ba.”

Cikin wata guda Saudatu ta daina kwana da inhela a ƙarƙashin filo. Na ce mata yanayi ne ya sauya. Ta ce, “A garin da ba shi da hunturu?” Ban taɓa gaya wa Halliru cewa ta samu sauƙi ba. Na ɗauka in na faɗa zai ga kamar ya ci ni da muhawara.

Malama Hureira ta hawa huɗu ita ma shaida ce. Kulle ya rutsa da mijinta a Najeriya, jaririnta ya fara numfashi da ƙara, ta ƙi kai shi asibiti don tsoron a ce korona ce a raba su. Halliru bai shiga ba tunda maigidan ba ya nan. Daga baranda ya tsaya yana gaya mata inda za ta sa ƙafa a kujera, da inda za ta danna murfin ya buɗe. Ragar da ta miƙo masa ta yi funfuna, don wani ya ce mata a mayar da ita jiƙe ta fi sanyi. Ya wanke, ya shanya, sannan ya ƙi matsawa daga bakin ƙofar sai da ta goya yaron. “Raga na iya wankewa, Malama. Ƙirjin yaro na likita ne.” Bilqis ce ta raka ta. Sanyin ƙirji ne, aka ba su magani suka dawo gida tare.

Kai ne, Halliru, ka san iyakar abin da ka sani, ka tsaya a kanta. Na yi shekara ashirin a cikin malaman jami'a ban haɗu da mutum uku masu wannan hali ba, kuma ni ba na cikinsu.

Sai Yuli ta 2021, watan da jiniyar motar asibiti ta daina sa kowa leƙa taga. A lokacin Halliru ya dakatar da shiga gidaje. Ni na kira shi, don esinmu ya fara ɗigar ruwa, numfashin Saudatu kuma ya fara sarƙewa. Ya zo ranar Juma'a da takunkumi biyu a fuska, bai yi minti goma ba, ko ruwan da ta ajiye masa bai taɓa ba. Ranar Talata zazzaɓi ya rufe ta. Ranar Asabar aka ɗauke ta. Bayan kwana goma sha ɗaya wasu mutane cikin fararen kaya, da ban ga fuskar ko ɗaya ba, suka binne ta, ni ina tsaye daga nesa bayan igiya. Ni ma gwaji ya nuna na kamu, amma ni tari kawai na yi. Har yau ban gane wannan rabon ba.

Ya zo ta'aziyya ya tsaya a bakin ƙofa. A gaban Malam Datti da wasu mutum biyu na ce masa, “Wata biyu babu wanda ya shigo gidan nan sai kai.”

Ya ce, “Haka ne, Malam. Allah ya jiƙan Hajiya.” Bai jira lifta ba, ta matakala ya sauka.

Kafin magariba maganar ta zagaye benen. An gwada shi ba a ga komai ba, sai masanan guruf suka ce ai ta riga ta fita daga jikinsa. Wasu suka ce a ragar wani gidan ya kwaso ta, wasu suka ce a bokitin take. Ƙofofin da ake buɗe masa tun kafin ya ƙwanƙwasa suka koma ana amsa sallamarsa daga ciki. Aka daina hawa lifta ɗaya da Bilqis.

Da wani ne, da ya ajiye bokitin, kuma da babu mai ganin laifinsa. Shi kuwa saƙo ya tura guruf, layi biyu: duk mai so ya ajiye ragarsa a bakin ƙofa da safe, zai wanke a famfon ƙasa ya dawo da ita a bushe. Makon farko gida uku ne suka ajiye, na Hureira na ciki. Kafin ƙarshen shekara har da Malam Datti, wanda ya ce shi dama tun farko bai yarda da zargin ba. Halliru bai sake taka ɗakin kowa ba har ya bar ƙasar. Ni kuwa duk Juma'a ta biyu sai saƙonsa ya shigo wayata: “Malam, yau ranar raga ce.” Ban taɓa amsawa ba, bai taɓa fasawa ba.

Mun gode, Ashafa. Allah ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba, ya sa iskar da ka tace wa 'ya'yan mutane ta zama sanyi a gare ka ranar da ake neman sanyi. Ku kuma da kuka rage a benen nan, kowa da digirinsa, tsanin yana wajen mai gadi, ya bar mana shi. Ku ɗaga raga ku duba haske, ku leƙa maƙwabcin da ba ya iya hawa kujera. Ba a rubuta kundi a kan haka, amma ana numfashi.

Ranar tafiyarsa na sauka har ƙasa. Ana ta loda akwatuna a mota, mata na koke-koke da Bilqis. Ya hango ni, ya taho, ya miƙo hannu biyu. Ya ce, “Malam, ka yafe mini.” Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko ragar da ta fara ɓarɓashi tana ƙara wata ɗaya. Ya ce a'a, a canja ta. Mota ta tashi.

Ga abin da na sauko in faɗa maka, Halliru. Litinin ɗin da ta gabaci zuwanka na ce wa Saudatu zan je sayen kifi. Sentul na tafi, gidan wani abokina, karɓar littafi. Muka ci abinci a faranti ɗaya, daga baya aka kwantar da shi a asibiti da korona. Ranar Alhamis maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, na sha lemun tsami na yi shiru. Likitoci sun ce babu mai iya sanin ta inda ta shigo, amma ni na san jerin kwanakin. Lokacin da kake kan tsani a ɗakinmu, tari nake dannewa a bayanka. Ba kai ba ne.