Maman Hope da Yashin Rafin Kanya

Duk wanda ya taɓa sayen alayyafo a kasuwar Sabon Tasha cikin watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe har tana tsagewa, da wuya a ce bai saya a hannun Maman Hope ba. Ruth Shekari ne sunanta. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa mijinta ya kawo ta Kaduna, yana aiki a masaƙa a Kakuri. Ya rasu tun zamanin soja, ya bar mata 'ya'ya uku, da ɗaki biyu a Unguwar Kanya can bayan Rido inda ake hango wutar matatar mai, da kuma ƙanensa Sylvanus, wanda a tukunyarta ya girma. Tun ranar da aka kawo ta gidan Sylvanus yake kiranta Amarya, ita kuma tana ce masa Ƙaramin Maigida. Furfura ta fito mata, wasan bai tsufa ba.

Ba ta zauna jiran kowa ba. Makoki na tashi ta ɗauki fartanya ta gangara bakin Rafin Kanya, ta yi fangali huɗu na alayyafo. Kafin soja su bar mulki fangalin sun kai sittin da biyu, har da tumatir da latas da kabeji da yakuwa, kuma da su ta kai Hope makarantar koyon aikin jinya.

Baƙo kan yi mamakin inda take samun ruwa, domin daga Disamba rafin nan ba ka ganin komai cikinsa sai farin yashi. To ai ruwan yana nan, ɓuya ya yi. Ka tona yashin zurfin hannu, ka ɗan jira, sai ka ga ruwa ya taso garau kamar an tace shi. Maman Hope ta san dalili, don ta yi shekaru tana kallon inda ruwan sama yake bi. Cocinsu yana kan ƙololuwar tudu, kuma ta lura ruwan da ya zubo ta kwanon gabas rafinsu yake nufa, wanda ya zubo ta kwanon yamma kuwa wani rafin daban yake tafiya, ba su sake haɗuwa sai can gaba. Saman tudun marmara ce, ba ta shan ruwa, kora shi take yi. Sai ya sauko gangare ya tarar da jigawa, ita ce ke shanye shi, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta ƙarƙashi har ya isa rafi. A gindin rafin kuwa laka ce shimfiɗe, ba ta barin ko ɗigo ya wuce ƙasa. Ita ce ƙwarya, yashi ne faifan da ya rufe ta. Rana ba ta ganin ruwan balle ta shanye shi.

Tana da wani guntun rodi da ya ragu daga ginin coci, ya fi mutum tsawo sosai, ta yi masa zane da jan fenti kamu-kamu. Kowace Asabar takan bi rafin tana soka shi. Cikin yashi yana shiga da ƙurus-ƙurus, da ya taɓa laka sai ya kame. Ta zare, ta duba inda damshi ya tsaya, ta san ruwan da ya rage mata da yawan fangalin da za ta iya shukawa. Mace ce da ba ta yarda da "kamar" ko "wataƙila". Ko ƙwai ta saya sai ta ƙirga sau biyu.

Da aka buga gangar siyasa, soja suka ce za su koma bariki, sai Sylvanus ya fito takarar kansila. Maman Hope ta ɗauki abin kamar auren ɗanta. Ta bi matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinsu, gida-gida, ta dafa shinkafa tukunya uku ranar taro, ranar zaɓe kuma mata arba'in da ɗaya ta jera a layi da hannunta, har da wata tsohuwa da aka ɗauko a baro. Ya ci. Aka fara ce masa Honarabul, ita kuwa ta ce ko gwamna ya zama, ita ta san lokacin da yake lashe mata cokali.

Abu ɗaya ta roƙe shi. Ta ji yadda masu tifa suka kwashe yashin wasu rafuka har suka mutu, tana so a hana su kusantar nasu. Sannan tana so a gina ɗan gajeren bango na dutse a inda rafin ya tsuke, don ya riƙa tare yashi duk damina. Yashi ya ƙaru, ruwa ya ƙaru, lambu goma sha tara da ke bakin rafin su amfana. Lissafin a bakinta yake.

Wata Asabar da hantsi Sylvanus ya zo, ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya naɗe ƙafar wando.

"Amarya, yau kin sa Honarabul tafiya ba takalmi. In mutanena suka gan ni fa?"

"Su gan ka. Ni da na gan ka ba wando ma."

Suka bi rafin suna dariya. Ta nuna masa wurare bakwai inda yashi ya kai kamu biyar, wani ma rodin ya nutse duka bai taɓa laka ba. Ya yi ta tambaya, tambayoyi masu kyau kuwa: ina yashin ya fi tsabta, ina ne ba ya gauraye da taɓo, ina mai manyan ƙwaya yake. Daɗi ya kama ta, ta ce a ranta yaron nan ashe yana da kai. Ya tambayi ta inda motar da za ta kawo duwatsun bango za ta bi ba ta kafe ba, ta kai shi wani zirin marmara da ya sauko har bakin ruwa, ta buga ƙafa a kai ta ce ko tirela ce za ta wuce. Ya ce injiniya zai zo dubawa, ta sa alama yadda zai gane. A ranar ta sare turaku bakwai ta kafa, ta yaga tsohon zanenta na Zumunta ta ɗaura wa kowanne ƙyalle.

Injiniya bai zo ba. In ta tambaya, sai Sylvanus ya ce takarda tana sama, gwamnatin farar hula ba kamar ta soja ba ce, komai sai an zauna. Ta yi haƙuri. Ƙyallen ya koɗe, ta sake sabo.

Sai ga rikicin shekara ta dubu biyu. Mutane suka yi ta tsallako gada zuwa kudancin gari da abin da suka iya ɗauka. Ita kanta iyali biyu ta saukar a ɗakinta ɗaya, ta koma ɗayan da 'ya'yanta. Da ƙura ta lafa kowa ya shiga neman fili, gini ya tashi ta ko'ina, masu buga bulo suka cika bakin titi.

Ranin da ya biyo baya, wata safiya ta gangaro da bokitinta ta ji ƙugin inji. Tifa uku ne cikin rafi, samari suna ta loda da shebur. Ta kan zirin marmarar nan suka shigo. Kuma ba ko'ina suka tsaya ba: kowace tifa ta ja ta tsaya daidai gindin turke, ƙyallen Zumunta yana kaɗawa kusa da taya.

Direban ta gaba Monday ne, ɗan cocinsu, mai buga ganga a ƙungiyar mawaƙa. Ya sauko ya rusuna ya gaishe ta da fara'a, don bai san akwai wata magana ba. Ta tambaye shi wa ya kawo su nan. Ya ce ai aikin Honarabul ne, biyu daga cikin motocin ma nasa ne.

"Mama, mutumin nan ya san rafin nan kamar shi ya haife shi. Ya ce kada mu ɓata lokaci, mu nemi inda aka ɗaura ƙyalle kawai. Ko guda bai kuskure ba."

Ta ajiye bokitin. Ta tsaya tana kallon turken, da ɗaurin da ta yi masa, irin ɗaurin da take yi wa damin alayyafo. Ta juya ta hau tudu.

Ta sami Sylvanus a sabon gidansa yana karin kumallo. Ya taso da wasa, Amarya ce da sassafe haka, a kawo mata shayi. Ta ƙi zama. Da ya ga fuskarta sai ya bar wasan, ya shiga bayani. Ya ce ta duba mutanenmu, har yanzu wasu a ajin makaranta suke kwana, da me za a yi musu ɗaki in ba yashi. Ya ce in bai ɗiba ba wani zai ɗiba, gara ɗan gida. Ya ce yashi ai ba ya ƙarewa, damina za ta kawo wani. Ta bar shi ya gama, don ta san akwai gaskiya a maganar masu kwana a aji, ita ma ta ba da ɗakinta. Amma ba wannan ta zo ji ba.

"Ranar da ka riƙe takalminka kana bina, ka riga ka sayi motocin ko ba ka saya ba?"

Ya dubi kofin shayinsa. Ya ce a lokacin ana dai maganar sayensu.

"To da ka ce mini yashi kake nema, da na nuna maka can ƙasa inda babu lambun kowa. Ka sa ni na auna maka, na kafa maka turke, da zanen coci."

Ya ce zai yi mata abin da ya fi lambu. Ta fita.

Masu lambu sun je wurin mai unguwa, sun je wurin fasto, aka yi zama, aka ce a yi haƙuri da juna. Motoci ba su tsaya ba. Tana ban ruwa tana ƙirga su, har ta wuce ɗari uku ta daina, don ƙirgar ba ta ƙara mata komai sai ciwon kai. Rodi ne bai daina faɗa mata gaskiya ba. Inda yake nutsewa kamu biyar ya koma uku, ya koma ɗaya, har ranar da ta soka shi ta ji ya kame tun daga baki. Laka ce tsirara, ruwan da ke kanta ya yi kore, rana ta shanye shi kafin sati ya zagayo.

Abin bai tsaya ga rafi ba. Da gindin rafin ya yi ƙasa, sai jigawar gangare ta tsiyaye abin da take riƙe da shi da wuri, kamar randar da aka huda ta gindi. Rijiyoyin unguwa suka ja baya, mata suka riƙa ƙara igiyar guga. Damina kuma da ta zo, ruwan da a da yashi yake tarewa ya sha, sai ya zo ja wur da gudu, ya ci gaɓa, ya tafi da fangalinta goma sha takwas cikin yini guda. Yawancin sauran ƙishi ya kashe su. Tara suka rage mata, a wani lungu inda ruwa ke ɗan tsattsafowa daga gindin tudu. A kasuwa, ita da take ba wasu sari, ta koma saro alayyafon wasu.

Ana nan sai ga Monday da tifa, kansa a sunkuye, ya ce Honarabul ya aiko da bulo ɗari biyar ta ƙara ɗaki. Maƙwabta suka taru suna cewa ta karɓa, ai ɗan'uwa ɗan'uwa ne. Ta murza gefen ɗaya da yatsa, ta gane yashin, mai manyan ƙwaya ne na wajen turke na huɗu. Ta ce wa Monday kada ya sauke a ƙofar gida, ya bi zirin marmara ya kai rafi. Ita da masu lambu shida suka jera bulon a inda rafin ya tsuke, daidai inda ta so a yi bango tun farko.

Ruwan farko ya narkar da su, don simintin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ta tsaya a gaɓa tana kallo, ta ce to, yashi dai ya koma gida. Suka koma fasa marmara suna ɗaukowa a kai, suna cusa buhunan ƙasa a tsakani. Wannan ya tsaya. Damina ta farko ya tara yashi taƙi ɗaya a bayansa, ta biyu ya kusa kamu. Fangali sun koma goma sha huɗu. Turaku kuwa ta tumɓuke su tun tuni ta yi girki da su, kuma yanzu ita kaɗai take fita da rodi, ta dawo ta tura shi ƙarƙashin gado.

Sylvanus ya gama wa'adinsa, bai sake cin zaɓe ba, amma tifofinsa sun zama biyar, suna aiki a wasu rafuka. Coci ɗaya suke zuwa har yau. Wata Lahadi bayan an tashi ya tare ta a bakin ƙofa, ƙarƙashin kwanon gabas, yana murmushi irin na da.

"Amarya, fushin bai isa ba?"

Ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙo mai muƙami. "Ina kwana, Honarabul."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya tambayi Hope, ya tambayi jikoki, ta amsa duk lafiya. Har ya juya zai tafi sai ya dawo, ya ce ya ji wai yashi ya fara taruwa a rafi, ya yi murna ƙwarai, ko ya kai kamu nawa yanzu?

Jiya-jiyan nan ta soka rodi, jan fentin ma bai gama bushewa daga damshi ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta dube shi ido cikin ido.

"Ban auna ba," in ji ta.