Darmar Baba a Rijiya

Jiya masu yasar rijiyarmu suka fito da wani curin darma, duk laka. Ni kaɗai na gane shi, don waɗanda suka san Baba duk sun riga mu gidan gaskiya.

Kafin ya zauna a Tudun Wada, farkon zuwan Turawa, Baba ya yi aiki a jirgin ruwansu daga Ikko. Shi ke jefa darma da igiya ya auna zurfin teku, Bature yana rubutawa a taswira. Yakan ce kudancin takardar fari ne fat, ba zane.

"Akwai ƙasa can, Uwata. Ana shirin zuwa nemanta aka sallame ni."

Duk unguwa dariya ake yi masa. Shi kuwa kullum da safe sai ya shafa wa darmar da ya taho da ita daga jirgin kitse a gindi, ya zura ta rijiya, ya jawo. Wata rana ya miƙo mini ita, yashi ya manne wa kitsen, tana ƙarni.

"Kin gani? Ƙasar da ido bai gani ba ma tana aiko da saƙo."

Na ce, "Haba Baba, ka daina ɓata mana ruwan sha!"

Ya karɓi darmarsa. Ya mayar da ita rijiya, ya saki igiyar, muka ji cunjum. Bai ƙara ambaton kudu ba har ya rasu.

Ga ta nan a tafin hannuna, sanyi ƙalau, ba wanda zan nuna wa. Allah ya ji ƙanka, Baba, ya sauke ka a ƙasar da ba a sallamar kowa.