Ɓerayen Auta Sun Tuna Hanya

...ɓerayen Auta nake gaya muku, sun fitar da mu kunya! Ke matar mai gida, rage rediyon nan. Tela, tsayar da keken, ɗinkin ba guduwa zai yi ba.

Wanda bai san Auta ba, ƙanwata ce, a kafaɗar nan ta girma. Ni da ƙyar na gama firamare, ranar da na fita malaminmu har ajiyar zuciya ya yi. Na kama walda. Ita kuwa tun tana ƙarama, kowa ya ga ɓera a kicin takalmi yake nema, ita sai ta tsuguna tana kallon inda zai bi.

Ta yi jami'a, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Muka ce shi ke nan, mun yi likita. Ranar da na kai mata kejin da ta sa na haɗa, me zan gani? Ɗaki fes, sanyi na busawa, ga fararen ɓeraye sun miƙe ƙafa kamar masu gidan. Abincinsu ma aunawa ake yi. Ni da nake yayanta ban taɓa samun wannan gatan ba.

Na ce, "Auta, duk bokon nan a kiwon ɓera ya ƙare?"

Ta ce, "Yaya, ƙwaƙwalwarsu nake dubawa. Taka ce ba ta dubuwa."

Abin da take yi ke nan: akwati ne mai lunguna, abinci na can ƙarshe. Ɓera in ya tsufa sai ya manta hanya, ya yi ta karo da bango kamar kawunmu a kasuwa. Amma waɗanda take zuba wa garin wani ganye a abinci, ko sun tsufa, tiryan-tiryan suke zuwa.

Na ce to a ba ki digirin mana. Ashe su a aikinsu, ko ka rantse ka gani da idonka, ba mai yarda. Sai wasu can wata ƙasa, da ba su san ka ba, sun maimaita da nasu ɓerayen. In ba su ga abin da ka gani ba, shekarunka sun bi ruwa, ka koma farko.

Inna ta ce, "Wato ɓeran wasu ne zai yi wa 'yata shaida?"

Tun da aka tura wa mutanen can aikin, Auta ta daina cin abincin kirki, wuya ya yi tsawo. Mabuɗin ɗakinta ma mantawa take yi. Na ce ta ɗan lasa garin nan nata, ta jefe ni da silifa.

Ɗazun nan tana bakin famfo tana wanke wa Inna kaya, hannu duk kumfa, wayarta ta yi ƙara. Ta leƙa lambar, ta ƙame.

"Yaya, su ne. Ba zan iya ba."

Na danna, na kara mata a kunne. Wata mata ce ke ta zuba Turanci, ni ko kalma ban tsinta ba, fuskar Auta kawai nake kallo. Can sai ta zame ta zauna daɓas a cikin ruwan wankin.

Na ce, "Ke, yi magana, hannuna ya gaji."

Ta ce, "Nasu ma sun tuna hanya, Yaya. Riƙe wayar da kyau, ba ta gama ba."