Bindigar da Na Rufe a Bangon Ɗakin Yara

Kafin in zama ɓarawo, ni ɗan makaranta ne mai ƙoƙari, kuma mai ji da kai, wanda shi ya fi yawa. A Zariya aka haife ni. Mahaifina malamin firamare ne, na sauke Alƙur'ani da wuri, kuma tun ina sakandare 'yan unguwa suke kirana Injiniya, ni ma ban taɓa hana su ba. Ranar da gwamnatin jiharmu ta ɗauki nauyina zuwa Manchester karatun injiniyan gine-gine, har akuya aka yanka a gidanmu. Ina faɗa muku wannan ne, ƙannena, don kada wani ya karanta labarina ya ce ai wannan dama can ɗan iska ne. Irinku ne ni.

Na gama karatu daidai lokacin da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu. Gine-ginen da aka shirya yi aka fasa, hukumar gari ta rage gyaran gidaje, kamfanoni suna sallamar injiniyoyin da suka yi furfura a aiki, balle ni da ban fara ba. Ina da takardar izinin aiki, amma babu mai son ganinta. Komawa gida hannu rabbana kuwa girman kaina bai yarda ba. Sai na sa hular kwano da riga mai ƙyalli na zama lebura. Ina tura baro daga safe zuwa yamma, in an tashi in ari zanen ginin wani in riƙe, a ɗauke ni hoto in aika gida.

A wurin aikin nan na haɗu da Baba Sale, Bakatsine mai yin filasta, wanda ya shekara talatin a ƙasar kuma har lokacin bai yarda shayinsu shayi ba ne. Ya ji ina zagin baro da Hausa, ya ce, "Ɗana, baron nan Bature ne, ba ya jin ka. Zo ka riƙe min allo." Shi ya koya min sana'ar. Da ya ji ina da digiri sai shi ma ya kama kirana Injiniya, amma da wata murya da ke nuna bai ga alama ba tukuna.

Bangon cikin gida a can ba irin namu na bulo ba ne. Katako ake kakkafawa, a ɗaure allon filasta gaba da baya, tsakiya ya zama fanko, sannan a shafe. Yawancin ma'aikata cikin fankon nan suke jefa gwangwanin lemo da guntun sigari su rufe. Baba Sale kuwa ba ya ɗaure allo na ƙarshe sai ya haska tocila a ciki, ya tsince ko ƙusa ɗaya ce. Na taɓa yi masa dariya, na ce wa zai gani. Ya ce, "Mu in mun gama tafiya za mu yi. Masu gidan ne za su riƙa kwana da abin da muka rufe musu."

Satata ta farko kwalin ƙusoshi ce. Na ce wa kaina kamfani ba zai ji a jikinsa ba. Daga nan sai guntayen bututun jan ƙarfe, sai waɗanda ba guntaye ba, sai injin huda bango na wani kafinta da ya manta a bakin ƙofa. Na tsaya ina taya shi nema, har ina tsine wa ɓarawon. Akwai wani mutum mai sayen irin waɗannan kaya, ba zan faɗi sunansa ba, mu ce Mai Gwanjo. Ba ya tambayar inda ka samo, kuma yana kirana ɗan'uwa. Cikin wata shida na sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, na koyi buɗe motocin wasu magina tun kafin su gama karin kumallo.

Wata rana Mai Gwanjo ya miƙo min abu a naɗe cikin tsumma. Ƙaramar bindiga ce, da harsasai a ciki. Ya ce 'yan sanda sun sa masa ido, suna tsayar da motarsa kullum, amma mai rigar aiki da ƙurar siminti a gira babu wanda ke tsayar da shi. In riƙe masa na ɗan lokaci. Ya kuma tuna min, cikin murmushi, cewa ya san duk motar da na fasa. Zan iya ce muku tsoro ne ya sa na karɓa, amma ba zan yi muku ƙarya ba. Daɗi na ji. Mutumin da ake aika ya ɗebo yashi, yau ga shi da abin da zai sa kowa ya yi shiru.

Inda zan ajiye ta ne ya zama matsala. Gidan da nake haya mu biyar ne, 'yan jami'a, kowa na shiga ɗakin kowa. A mota kuwa na fi kowa sanin yadda ake fasa mota. Don haka a jikina take kwana, a jikina take wuni, na soke ta a ƙuguna ta baya, na rufe da rigar sanyi. Da ita nake hawa tsani, da ita nake ɗaga allo sama da kaina. Ban ma san yadda ake cire harsashin ba. In na sunkuya ɗaukar bokiti sai in juya bayana ga bango kamar mai ɓoye yagaggen wando.

Ana haka Baba Sale, wanda ya riga ya koma wurin iyalinsa a unguwar Sparkbrook ta birnin Birmingham, ya kira ni in je can. Ya samu aikin gyara wani tsohon gida a unguwar Lozells, na wata likita 'yar Kano, Dakta Bilkisu, mai 'ya'ya mata biyu ƙanana. Ta ba mu makulli, kuma duk ranar da ba ta da asibiti takan kawo mana shinkafa da miya a kula. Ban ji kunyar cire tsofaffin bututun gidanta in sayar ba. Mai Gwanjo da kansa ya zo har ƙofar gidan ya ɗauka, ya ce in ci gaba da riƙe masa ajiyarsa.

Mu uku ne a aikin, da wani mai gyaran wuta ɗan Somaliya. In azahar ta yi mukan shimfiɗa kwali a falo mu yi salla, kuma a da ni nake ba mu, tunda na fi su karatu. Liman kuwa bayansa yake ba jama'a. Sai na ɓullo da dabara. Filasta in ka kwaɓa ta ba ta jira, ko ka shafa ko ta daskare a bokiti. Don haka kullum saura minti biyar a yi salla sai in kwaɓa cikin bokiti guda, in ce su yi, zan yi tawa daga baya. Sau da yawa ba na yi.

Kwana tara Baba yana kallona. A na goma na ɗauko buhu, sai ya taka bakin bokitin da ƙafarsa.

"Injiniya, wace irin filasta ce wannan da ta san lokacin azahar? Ajiye. Yi alwala ka wuce gaba."

Babu hanyar gudu. Na tayar da salla. Da na tafi ruku'u na ji rigata ta ja sama, sanyi ya taɓa bayana, ƙarfen ya fito fili. Ban san abin da na karanta a sauran raka'o'in ba. Da muka sallame, Baba ya aiki mai gyaran wuta shago ya sayo madara, alhali ga madara a taga.

"Abin da ke ƙugunka ba kayan aiki ba ne," in ji shi. "Ba zan tambaye ka na waye ba. Gidan nan yara za su zauna a ciki. Ka fita da ita yau, in ba haka ba ni zan kira police da bakina."

Maimakon kunya, haushi ne ya kama ni. Wai dattijon da ko sakandare bai gama ba shi zai ba ni wa'adi. Na hau sama, ɗakin baya, inda saura allo ɗaya a rufe bango. Na naɗe bindigar a tsumma, na ɗora ta kan katakon da ke gicciye a ciki, daidai tsayin gwiwa, na ɗaure allo, na shafe. Ban taɓa yin bango mai santsi irin wannan ba. Da yamma na ce wa Baba na jefa ta a canal, wato mashigar ruwan da ta ratsa garin. Ya dube ni, ya ce Allah ya sa haka ne.

Niyyata in bari ƙura ta lafa in yanke allon in ɗauke abina. Amma wa'adin hayar Dakta a flat ɗin da take ya cika da wuri. Cikin sati guda aka yi fenti, aka kawo kaya, ta karɓi makullinta ta tare. Ni kuma na koma Manchester ina ce wa kaina abin da ke cikin bango ba ya cizo.

Bayan sati uku da tarewarta Mai Gwanjo ya kira ni da safe, yana son ajiyarsa. Na yi ta kame-kame, ƙarshe na faɗa masa inda take. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya san gidan, ai ya taɓa zuwa. In ban kawo masa ba zuwa Juma'a, yaransa za su shiga da guduma su ɗauko, ko da mutane a ciki ko babu.

Ranar Alhamis na kama hanyar Birmingham da wuƙar yankan allo a aljihu. Na ce wa Dakta na zo duba ko bangon sama ya tsatsafo da ruwa. Ta yi murna, ta ce, "Malam Injiniya, you're a lifesaver, dama gobe wani zai zo ya huda bangon nan ya kafa musu kantar littattafai. Hau ka duba, bari in ɗora maka shayi."

An yi wa ɗakin fenti ruwan hoda. Gadon ƙaramar 'yarta yana jingine da bangon nan, matashin kanta daidai inda na san tsummar take. Ta manna zanen da ta yi na gida da rana a kai. Na durƙusa, na dafa bangon, wuƙa a ɗaya hannun. Minti uku ya ishe ni in yanke, in ɗauka, in ce ruwa ne ya ɓata wurin. Sai na tambayi kaina, in na ɗauka sai kuma me? In na kai wa Mai Gwanjo, ko dai ta koma ƙuguna, ko ta tashi a kan ɗan wani. Kuma muddin yana yawo, ya san ƙofar gidan nan, ya san babu namiji a ciki. Ni na nuna masa. A nan na ji tsanar kaina yadda ban taɓa ji ba, kuma a nan na yanke shawara. Na mayar da wuƙar aljihu na sauko.

"Dakta, ki ɗauki yaran ku fita. Akwai bindiga a bangon ɗakinsu. Ni na saka ta."

Ta ajiye kofin a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"A ɗakin 'ya'yana? Kai da na ba makullin gidana? Ka ci abincina a kitchen ɗin nan."

Ta kwashi yaran zuwa gidan maƙwabta, ni kuma na zauna a bakin dakali na kira 'yan sanda, na faɗa musu komai, har sunan Mai Gwanjo da inda yake ajiye kaya. Sannan na kira Baba. Ya riga su isowa, da farar ƙura a hannunsa.

"Ka ce min canal."

"Ƙarya na yi, Baba."

"To yau ka faɗi gaskiya. Ka tsaya a kanta, ko me za ta ci maka."

Na tsaya. Ni na nuna musu wurin, tazara ta uku tsakanin katakan bangon daga taga, tsayin gwiwa. A ƙasar nan riƙe irin wannan bindiga mafi ƙarancin hukuncinsa shekara biyar ne, kuma alƙali ya ba ni biyar ɗin cif. Ya ce kai kaina da na yi ne ya sa bai ƙara ba. Mai Gwanjo ya samu fiye da haka. Na yi rabin nawa a gidan yari, daga can aka wuce da ni filin jirgi, aka buga min hatimin kada in dawo. Sau ɗaya Baba ya ziyarce ni a gidan yarin. Ya ce shi ya gyara bangon, bai karɓi ko kwabo ba, kuma ya haska ciki sau biyu kafin ya rufe. Na rubuta wa Dakta wasiƙar neman gafara. Ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Mahaifina bai zage ni ba da na dawo. Hotunan nan da na riƙa aikowa ya ciro daga bango ya miƙa min, ya ce in san inda zan kai su. Na tuba ga Allah, kuma ina kan tuba. Yanzu a Kaduna nake, ina yin filasta da silin, da sunana na gaskiya, ba Injiniya ba.

Ƙannena, musamman ku da ke shirin fita waje, ku ji ni. In aiki ya ƙi, ku faɗa wa gida ya ƙi, kunyar ba ta kai ta ankwa ba. Kada ku ɗauki ƙusar da ba taku ba. Duk wanda ya ce ku riƙe masa abu a naɗe, ya riga ya zaɓi wanda za a ɗaure a madadinsa. Kuma ranar da kuka ga kuna ƙirƙiro aiki don ku kauce wa sahu, ku tsaya ku duba abin da kuke ɗauke da shi.

Abokan aikina suna min dariya, don ba na rufe silin sai na hau tsani na haska tocila lungu-lungu. Suna cewa wa zai gani. Yarinyar nan ta kwana ashirin da ɗaya da kanta a jikin bindigata, ina Manchester ina barci. Ba zan sake rufe wa kowa abin da ba zan iya nuna masa ba.